Manyan Ganyen Alayyafo Ba Rabon Awaki Ba Ne



An ce in yi magana a kan alayyafo. Duk mai sayar da ganye ta san ciwon: ki saro dami da asuba a Yankaba, kafin la'asar ya yi yaushi, ko ki karyar da shi ko ki zuba wa awaki. Ba riba kaɗai ke tafiya ba, har uwar kuɗi.

To ga shawarata. Da kin kwance dami, ki ware. Ƙananan ganye na miya ne. Manyan kuwa, in an sulala su ba sa saurin narkewa, don haka abu 3 za mu iya yi da su.

Na ɗaya, wankakke yankakke a roba, saboda mata ma'aikata da ba su da lokacin gyara. Na biyu, kwaɗo da albasa da tumatir, amma ƙuli ki ƙulla shi daban, kada ya jiƙe kafin a kai gida. Na uku, ki sulala ganyen, ki naɗe dambu a ciki, ki turara. A ci har ganyen, ba ruwanki da leda. Wannan zai shiga suna da biki.

Sai dai fa da sharaɗi, 'yan'uwa. A wanke da ruwan gishiri kafin a yanka, domin ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba. Sulalawa kada ta wuce minti 2. Kwaɗon yau na yau ne, ba ya kwana. In ɗan wani ya yi gudawa, sunan ƙungiya ne zai ɓaci, ba na mutum ɗaya ba.

Batun ajiya, ba sai da firji ba. Akwai tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo a 2000. Ɗanyen ganye na daɗewa a ciki bai yi yaushi ba.

Roƙona, a cire kuɗin tukwane da robobi daga asusunmu, mata 5 su fara gwaji na wata 1. Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci za mu riƙe littafi: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da ya lalace. In lissafi ya fita, sai kowa ta shigo.

Allah ya sa albarka a nemanmu.