Jawabin Yaye Iyaye Mata Masu Awon Dantsen Yara a Umarari

Mai girma Lawan, bulamominmu, malamai, ma'aikatan lafiya, da iyayenmu mata da muke yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

Likitocin duniya sun daɗe suna neman hanyar gane wanda ciwo zai kai shi gadon asibiti tun bai kwanta ba. A Ingila, a 2013, masana sun fitar da QAdmissions, lissafin kwamfuta da ke duba shekarun mutum da cututtukansa da magungunan da yake sha, ya kiyasta haɗarin kwantar da shi cikin gaggawa. Wannan ya yiwu ne saboda suna ajiye bayanan marasa lafiyarsu.

Mu namu ma'aunin, na awon dantse, yana hannunku, iyaye mata. Ku naɗa shi a dantsen hagu na yaro ɗan wata 6 zuwa 59, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada ku matse, kada ya yi sako-sako. Idan ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Ku danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan gurbi ya zauna, kumburi ne, a wuce asibiti a ranar. Yaron da aka gano da wuri, yana karɓar abincin gyaɗar nan na magani, a gida ake jinyarsa. Wanda aka bari har ya daina cin abinci, shi ake ba gado a asibitin Nilefa Kiji ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma kun san yadda gadajen ke cika da damina, balle bayan ambaliyar Alau ta Satumba 2024.

Kada wani ya raina muku aikin. A Mirya ta Damagaram, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata wannan awo, aka ga sun fi saurin gano yara masu tamowa, waɗanda aka kwantar kuma suka ragu.

Ina roƙon ma'aikatanmu su rubuta kowane awo a littafi, da wata da unguwa, domin daga nan ne za mu gina namu lissafin. Maza kuma, idan uwa ta ce ja ne, a ba ta kuɗin Keke Napep ba tare da gardama ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da Borno lafiya.