Daga Kujerar Kansila Zuwa Fadar Yamai: Matakalar Shugabanci a Ƙasar Adar



Tambayar da na kawo gabanku ita ce: ta wace hanya ɗan siyasar Adar yake hawa har ya kai ga mulkin ƙasa, kuma wace hanya ce ta fi amfanar talaka?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mahamadou Issoufou, haifaffen Dan Daji a gundumar Illela, injiniyan ma'adinai da ya yi aiki a kamfanin Somaïr. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PNDS-Tarayya a 1990. A 1993 jihar Tawa ta zaɓe shi ɗan majalisar dokoki, a shekarar kuma ya zama firaminista. Ya shugabanci majalisa daga 1995 har juyin mulkin Janairu 1996. Sau huɗu yana neman shugabancin ƙasa bai samu ba, sai a 2011, daga baya ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021. Juriya ce da ko abokin adawa ba ya musunta ta. Amma hanyarsa ta jam'iyya ce da majalisa, ba ta bi ta ofishin magajin gari ba. Ba a ga laifinsa a nan, domin sai a watan Yuli 2004 Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da ya game ƙasa baki ɗaya, a komin 265.

Firaministansa na shekara goma, Brigi Rafini, shi ya taka ɗaya matakalar, don ya yi magajin garin Iferouane da ke jihar Agadas kafin a naɗa shi a Afrilu 2011. A ƙasar Suwidin irin wannan tafiya ba baƙuwa ba ce. Göran Persson ya jagoranci hukumar garin Katrineholm daga 1985 zuwa 1989, daga baya ya yi firaminista daga 1996 zuwa 2006. Abin lura shi ne ƙananan hukumomin Suwidin 290 suna yanke nasu harajin albashi da kansu, su ne kuma ke riƙe da makarantu da kula da tsofaffi. Wanda ya shugabanci irin wannan hukuma ya riga ya san zafin kasafin kuɗi kafin ya ga babban birni.

To mu fa? Ku tuna da magajin gari a Bangi ko Karofane ko Tamaske kafin 2024. Da asuba mutane na zaune a ƙofar gidansa: wannan famfon garinsu ya lalace, wancan dabbobi sun shiga gonarsa kafin a saki gonaki, ga tsohuwa tana neman takardar haihuwar jikanta don jarrabawa. Abin da zai yi aikin da shi kuwa bai wuce harajin kai da tikitin ranar kasuwa ba, alhali magidanta da yawa sun tafi bida Abijan ko Libiya. Motocin albasa suna fita daga yankin Madawa shaƙe da buhuna, abin da ke saura a asusun komin bai taka kara ya karya ba. A 2016 gwamnati ta fitar da dokar miƙa wa ƙananan hukumomi ayyukan ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, sai dai kuɗin ba su biyo aikin yadda ya kamata ba. An ɗora wa jaki kaya, an hana shi harawa.

Akwai cikas na biyu. Kafin juyin mulkin 2023, ana zaɓen depite ne bisa jerin sunayen jam'iyya na jiha guda, jerin kuwa shugabannin jam'iyya ke tsara shi. Saboda haka mai buri ya fi ganin riba a kusantar manya a Yamai a kan ya shekara biyar yana sasanta manoma da makiyaya a Garhanga.

Duk da haka yankin Adar ya riga ya nuna abin da yake iyawa. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya cikin 1975 tare da ƙungiyar CARE sun tare iska, sun ceci gonaki. Aikin Keita, da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, ya farfaɗo da faƙo da jeren duwatsu da ramukan tara ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Kula da irin wannan gado aikin hukuma ce ta kusa, wadda manomi zai iya tare shugabanta a bakin masallaci ya tambaye shi.

Tun Afrilu 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, an naɗa kantomomi a madadinsu. A cikinsu akwai masu himma, amma kantoma yana ba da bahasi ga wanda ya naɗa shi ne, kuma matashin Buza ba shi da kujerar da zai koyi shugabanci a kanta.

Kirana ga hukumomin ƙasa shi ne a maido da zaɓen kansiloli, a ware wa kowace komin kaso sananne daga kuɗin ƙasa, a riƙa biya kan lokaci. Ku kuma matasan Madawa da Buza da Keita, maza da mata, duk ranar da aka buɗe wannan ƙofa, kada ku raina kujerar kansila, ku tsaya takara a garuruwanku.