AJIYAR KWANON RUFI DA DAMINA

Jawabin da aka yi wa taron ƙungiya a Gaya gabannin faɗuwar damina. An buga shi nan domin ƴan'uwa da ke ci-rani su samu.

  

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan kwanon rufi, wanda wasunmu ke kira tol, domin kusan kowace shekara sai an kawo wa dattawa ƙara a kansa. Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. Yaro ya yi shekara biyu ko uku yana dako ko tireda a bakin teku, ya tara ƴan kuɗinsa, ya sayi bandir biyu ko uku ya aiko gida, ya ce a ajiye masa sai ya zo da rani ya yi rufi. Tsoho ya karɓa hannu bibbiyu, ya sa a kai ƙuryar ɗaki a shimfiɗe a ƙasa, a lulluɓe da leda, a ɗora buhuna a kai don kada wani ya zare falle. Ran da mai kaya ya zo aka kwance, sai a tarar tsakanin fallayen ya yi fari fat kamar an barbaɗa garin rogo, wani wurin har ya yi ja. Daga nan sai zargi. Wannan ya ce an musanya masa kaya, wancan ya ce tun can jabu ya sayo, zumunci ya ɓaci a banza. Ba a musanya ba, kuma sau da yawa ba jabu ba ne. Ajiyar ce ta ci shi.

To, ga abin mamaki. Kwanon da ke bisa ɗaki ruwa na dukansa kowace damina, amma ya yi shekara goma ko ashirin bai huje ba. Wanda aka ɓoye a ɗaki kuwa sai ya lalace cikin wata biyu. Dalilin yana cikin yadda ake ƙera shi. Ainihin kwano baƙin ƙarfe ne siriri, wanda in an bar shi tsirara tsatsa ba za ta bar shi ya daɗe ba. Saboda haka a masana'anta ake tsoma shi cikin narkakken farin ƙarfe da ake kira tutiya, watau zinki, mai zafin kusan digiri 450. Wani Bafaranshe mai suna Sorel ne ya yi rajistar wannan dabara a 1837. Ƙyallin nan da kuke gani a sabon kwano tutiyar ce, kaurinta kuwa bai kai na gashin kai ɗaya ba. Ita ce rigarsa, ba shi da wata.

Tutiya ba ta tsoron ruwa muddin iska na bugunta. In ta jiƙe ta bushe, ta jiƙe ta bushe a sarari, sai ta haɗu da iska ta yi wata fata mai ruwan toka wadda ke mannewa sosai, tana tsare abin da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa kwanon da ya kwana biyu bisa ɗaki yake dusashewa, dusashewar nan kuwa alamar lafiya ce. Amma in fallaye na manne da juna, ruwa ya kutsa tsakaninsu, iska ba ta da hanyar shiga, to, fatar nan ba za ta yi ba. Sai tutiyar ta riƙa zama farin gari kamar alli, wanda ba ya tsare komai, sai ma riƙe ruwa da yake yi. Farar tsatsa ke nan, kwana kaɗan kuma ya ishe ta ta fara. Sa'ad da ta cinye tutiyar ta kai ga ƙarfe, sai jar tsatsa ta karɓi aikin. Ko samfurin nan da ake kira aluzinc, mai gauraye da alminiyom, bai tsira ba. Shi baƙi yake yi, tabon kuma ba ya fita.

Wani zai ce ɗan'uwansa a Agadas ya bar kwano a tsakar gida shekara biyu, ba abin da ya same shi. Ba ƙarya ya yi ba. Amma Agadas ba ta cika samun milimita 200 na ruwa a shekara ba, mu kuwa a Gaya muna samun wajen 800, mun fi ko'ina a ƙasar Nijar. Ga kogi a gindinmu, ga fadamun Dallol Mauri da na Foga inda ruwa ke kusa da ƙasa, har daɓen ɗaki na tsotso laima a watan Agusta. Ko ɗakin ba ya yoyo, kwano zai jiƙe. Da rana ɗaki ya yi zafi, da asuba ƙarfe ya yi sanyi, sai raɓa ta kwanta masa kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Ledar da aka ɗaure shi tamau da ita don a tsare shi, ita ce ke hana gumin nan fita.

Sa'an nan ku tuna da hanyar da ya biyo. Daga Kwatano zuwa Malanbil ya fi kilomita 700, galibi bisa buɗaɗɗiyar mota. A da gada ce ke ƙetaro da shi a bushe, amma da aka rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya da yawa suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale, a kwance cikin ruwan da ake kwarfewa. Wanda ya biyo ta Kamba da damina shi ma bai tsira daga ruwan hanya ba. Watau sau da yawa bandir yana shigowa gida da cutarsa a ciki, waje kuwa yana ƙyalli.

Saboda haka, iyayena, ina roƙonku da girmanku: ran da kwano ya iso, ran nan za a kwance shi. Na san abin da ke hana ku. Kuna ganin amana ce, gara mai ita ya tarar da ita a ɗaure yadda ya aiko. To, a kira shaidu biyu a ƙirga, falle 20 ne a bandir, a rubuta a takarda. A rarraba fallayen, a goge da busasshen tsumma, a jingina su a sha iska har su bushe sarai. Wajen ɗauka a ɗaga falle, kada a ja shi bisa ɗan'uwansa, domin ja na kankare tutiya.

Wajen ajiya, abin da ya fi shi ne a tsayar da su a jingine cikin ɗaki ko rumfa mai shan iska, gindinsu bisa itace, da ƴan sanduna a tsakani. In wuri bai isa ba sai an kwantar, a jera guntayen azara a ɗaga su daga ƙasa kamar kamu ɗaya, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu don ruwa ya zurare ta cikin kwarin kwanon. Giginya dai ba mu rasa ta ba a ƙasar nan, amma busasshiya za a sa, ɗanyen itace laima gare shi. In dole sai an rufa tamfol, a ɗaga shi kamar laima ta biki, kada ya taɓa kwanon, a bar gefuna a buɗe. Bayan kowane babban ruwa a ɗaga falle biyu ko uku na tsakiya a duba, domin na sama ba ya faɗin gaskiya.

Akwai kuma maƙwabtan da kwano ba ya zama da su. Na farko gishiri. Gishirin Foga da muke alfahari da shi yana jawo laima, kuma yana cin tutiya da sauri. Haka kanwa, da takin zamani, da toka, da siminti in ya jiƙe. Abin haushi, ɗakin da muke ajiye waɗannan duka shi ne ɗakin da muke kai kwano, har mu ɗora buhunan a kansa. Akuya da kaza ma a nisanta su, fitsari da kashinsu suna yi masa illa.

Wanda ya riga ya ga fari a nasa, kada hankalinsa ya tashi tukuna. In garin na sama-sama ne, yatsa na share shi, a busar da fallen, a goge da burushin roba. In ya hau ɗaki ya sha iska tabon zai bi ruwa. In ya yi kauri, a shafa ruwan lemun tsami, a goge, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a busar nan take. Kada a sa burushin waya ko yashi, za su kwashe ɗan abin da ya rage. Inda ya yi ja kuwa tutiya ta ƙare, sai a kankare a shafa fentin hana tsatsa, irin wannan fallen kuma a kai shi rumfa ko madafa, kada a sa shi bisa ɗakin kwana.

Ku kuma ƴan'uwa na ci-rani, na san dalilinku: kuɗi a hannu ba ya zama, farashi kuma hawa yake, gara a mai da shi kaya. Ban ce ku daina ba. Amma in bango bai tashi ba, kuma kun san kwanon zai yi damina a ajiye, ku haɗo da ɗan kuɗin rumfa da azara, kana ku faɗa a fili, a waya ko a wasiƙa, cewa kun yarda a kwance. In kuwa ginin na kusa, ku jinkirta sayen har ruwa ya ɗauke a Oktoba, ya sauka daga mota ya hau ɗaki.

Kwamiti ya shirya samari za su zagaya gidaje su taimaka wa dattawa wajen kwancewa da jerawa kafin ruwan farko. Duk wanda ke da bandir a ɗaure, nasa ko na amana, ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.