Farin da ke Cikin Idon Jariri

 

Mas'alar da za mu yi nazari a kanta ita ce larurar ido da ake haihuwar yaro da ita, wadda ta sha bamban da hakiyar da ƙyanda ke bari bayan ta warke. Mafi shahararta ita ce yanar ido, wadda jama'a suka ɗauka ciwon tsofaffi ce kurum, alhali kuwa jariri ma yakan zo da ita, wani lokaci ta hanyar gado, wani lokaci kuma saboda cutar rubela da ta kama uwa a farkon ciki, kamar yadda likita Norman Gregg na Ostiraliya ya tabbatar a 1941. Tun da na ambaci gado, ban zo don in aibata auren zumunta ba, halal ne a shari'a. Amma gidan da aka haifi yara biyu da larura iri ɗaya, hikima ita ce a duba sauran, a kuma yi shawara kafin a sake ƙulla wani auren a tsakanin dangi.

Abin da ya sa al'amarin yake bukatar gaggawa shi ne, ƙwaƙwalwa koyon gani take yi a watannin farko, kuma idan yana ta tare haske a wannan lokaci, to ko da an cire ta bayan shekara bakwai, ganin da za a samu kaɗan ne. Masu bincike Hubel da Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna haka a kan 'ya'yan kyanwa. Shi ya sa likitoci ke son a yi aikin cikin makonni shida zuwa takwas, wato daidai lokacin da mai jego ke gama arba'in.

Ku dubi kaka ta ɗora jariri a cinya tana sa masa kwalli: babu wanda ya fi ta kusa da wannan ido. In ta ga fari a tsakiyar baƙin, ko idon yana ƙyalli irin na mage da dare, kada ta yi shiru, domin sankarar ido ma da haka take fara bayyana, ita kuwa rai take ɗauka. Haka nan jariri mai dara-daran idanu da ake yabo, in yana yawan hawaye yana gudun haske, mai yiwuwa ruwa ne ya taru ya kumbura idon.

Asibitin Ido na ECWA yana Kano tun 1943, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, daga Kazaure zuwa Kano kuwa tafiyar safiya ce. Masu yawo ƙauyuka suna ture yana da tsinke, kada a bar su su kusanci idon yaro.