Abin da muka gano a tafiyar bishara ta ƙasar Maraɗi

(Jawabin da jagoran tafiyar ya yi a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a Karu)

 An ba ni minti kaɗan in faɗi yadda tafiyarmu ta kasance. Kuɗinku ne muka kashe, saboda haka zan faɗi daɗi, in faɗi rashin daɗi.

Mu 12 muka tashi daga nan Abuja da rani. Muka bi Kaduna, Zariya, muka kwana Katsina, da safe muka ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Ɗan Isa. Kun san hanyar nan ta rufu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe ta. Har yanzu shingayen jandarma ba kaɗan ba ne, amma wanda ya riƙe takardunsa ya kuma iya gaisuwa, ba ya daɗewa. Abin da ya fi ba yaranmu mamaki shi ne, an ce musu za a je ƙasar waje, sai ga Hausa ko'ina, ta ma fi tasu nauyi. Sai dai can asibiti likita ne, makaranta lakwal.

Kafin mu shiga Maraɗi muka tsaya Danja, inda mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin kutare a 1956. Daga baya, a 2012, aka ƙara wurin aikin mata masu yoyon fitsari. Can yamma kuma akwai asibitin Galmi, garin albasa, yana aiki tun 1950. Na kawo waɗannan shekaru ne don mu san ba mu muka kai bishara Nijar ba. Mishan sun sauka Damagaram tun 1924, kuma 'yan'uwanmu na can suna da ikilisiyarsu, EERN, da fastocinsu. Su ne suka ga wutar Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, suka kuma ci gaba da zama da maƙwabtansu. Mu baƙin kwana 8 ne kawai.

To, ƙauyen da aka kai mu ƙarami ne, Kiristocinsa ba su wuce gida biyar ba, saura duk Musulmi. Mai gari da liman suka tarbe mu da fura. Muka sauke buhunan gwanjon da kuka tara, da magani, da fentin majami'a. Ranar rabon kaya, jama'a, na ji kunya. Mun kai rigunan sanyi da takalman mata masu tsini a ƙasar rairayi. Layi ya rikice, wanda bai samu ba ya tafi da fushi, har wani ya ce ai sai ɗan coci ake ba mai kyau. Ba gaskiya ba ne, amma mu mun taho, mai bisharar garin shi muka bar wa maganar.

Daren nan na zauna da shi. Mutum ne mai kawaici, sai da na matsa sannan ya ce, “Baba, da kun tambaye ni.” Ya kai ni bakin fanfon tuƙa-tuƙa da ya lalace tun bara, mata na tafiya ƙauye na gaba ɗibar ruwa. Kuɗin gyaransa bai kai abin da muka sha na mai daga Abuja zuwa Katsina ba. Ya kuma ce wahalarsu ta gaskiya ba da rani take ba, lokacin da muke samun hutu mu zo. Tana zuwa ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, in rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, magidanci ya ci bashin tiya ɗaya ya biya biyu da kaka. Abin da suke so shi ne rumbun tsimi na gari: a sayi gero da kaka yana araha, a sayar wa kowa da sauƙi da damina, Musulmi da Kirista.

Akwai kuma abin da su suka koya mana. Gonakinsu cike da gawo da kalgo da sabara, ba wanda ya dasa su. Suna ce masa sassabin zamani. In manomi zai yi shara, ba ya tone kututture, sai ya bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya sare saura, itace ya tashi. Wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya soma yaɗa wannan a ƙasar Maraɗi a 1983, bayan dashen da ya yi ta yi yana mutuwa. Yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 a Nijar. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Malumfashi, gonar ubana fayau take, sai da na je can na ga abin da muke ƙonewa kowace shekara.

Ban ce a daina tafiya ba. Yaranmu da aka haifa a Kubwa da Nyanya sun kwana kan tabarma, sun ja guga, ɗaya ma har ya ce zai nemi shiga aikin EMS. Ma'aikaciyar jinyar da muka je da ita ta gano mata biyu masu yoyon fitsari, an kai su Danja. Wannan kaɗai ya isa godiya.

Amma ma'aji ya nuna mini lissafi, kashi biyu cikin uku na baikonku ya tafi ne a mota da abinci da masauƙinmu. Shawarata ga kwamiti ita ce, baɗi mutum 4 su je, ba 12 ba. A rubuta wa shugabannin ikilisiyar Maraɗi tun yanzu su faɗi abin da ake bukata. Kuɗin da ya ragu a gyara fanfo, sauran a aika kafin Nuwamba a sayi gero. Gwanjo kuwa, iyayenmu mata ku yi haƙuri, a sayar da shi nan kasuwar Karu a haɗa da kuɗin.

Shugaba, takardar lissafin tana hannun ma'aji, duk mai son dubawa ya same shi bayan addu'a.