Mu Iya Karanta Takardar Injiniya Kafin Mu Yanka Rodi



Da yawanmu a nan Sabo rodi da bulo muke sayarwa, kuma magina da takardar injiniya suke zuwa mana. In ba mu iya karanta ta ba, hasarar tamu ce, don rodin da aka yanka ba ya komawa.

To, lambobin nan yawanci milimita ne. In kun ga 225 a kan bango, bulo mai inci tara ake nufi, 150 kuwa mai inci shida. Alamar nan Ø kaurin rodi take nunawa. Y12 rodi ne mai kaushin jiki, kaurinsa milimita 12, harafin R kuwa na mai santsi ne. "Y12 @ 200 c/c" na nufin a jera su da tazarar milimita 200, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan.

Jama'a, wanda ya ba da 10 a wurin 12, da rayuka yake wasa. Ranar da bene ya rufta, sunan Hausawan Sabo ne zai ɓaci. In alama ta shige mana duhu mu tambayi injiniyan, matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.