AMSAR WASIƘUNKU: Karantar da yara a gida bayan ƙaura daga Texas zuwa New York

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu mai tuƙin tasi a birnin Houston na jihar Texas, can ƙasar Amurka. Ya ce shekara uku ke nan mai ɗakinsa ke karantar da 'ya'yansu biyu a gida, namijin yana aji 2, macen tana aji 5, da safe boko, da yamma allo, ba wanda ya taɓa ce musu kanzil. To ga shi neman abinci zai mai da su unguwar Bronx a birnin New York cikin watan Oktoba. Shin za su ci gaba yadda suka saba, tun da duk ƙasa ɗaya ce?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Amsar ita ce a'a. Gaskiya ne tun 1993 doka ta yarda da karatun gida a dukkan jihohi 50 na Amurka, amma sha'anin ilmi a can na jihohi ne, kowace da irin tata dokar. Ranar da ka sauke kaya a Bronx, dokar Texas ta daina aiki a kanka.

Abin da ya sa ba a taɓa tambayarku ba, Texas na cikin jihohi masu sassauci. A 1994 kotun ƙolin jihar ta tabbatar, a shari'ar Leeper, cewa makarantar gida daidai take da makaranta mai zaman kanta. Ba rajista, ba jarrabawa, muddin ana koyar da karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da halin ɗan ƙasa nagari. New York kuwa ba haka take ba.

Abu na farko, kuma ka riƙe shi da kyau, shi ne kwana 14. Cikin kwana 14 da fara karatu a sabon mazauninku, dole ka rubuta wa hukumar ilmi cewa a gida za ka karantar da yaranka. A birnin New York akwai ofishi guda mai kula da wannan. Daga baya kuma kowace shekara sai ka sabunta kafin 1 ga Yuli ta wuce. Kada ka ce sai hankali ya kwanta. Yaron da ya kai shekara 6, ba ya makaranta, kuma ba takarda a kansa, ana iya ɗaukar sa a matsayin wanda iyayensa suka yi sakaci da ilminsa, har jami'an kula da yara su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Baƙo a ƙasar mutane ba ya son irin wannan sallama.

In takardarka ta isa, za su aiko maka da fom da suke kira IHIP, kana da mako huɗu ka cika ka mayar. A ciki za ka rubuta sunan kowane yaro, shekarunsa, ajinsa, littattafai ko manhajar da za a bi, da wanda zai koyar. Ba a neman satifiket ɗin malanta, saboda haka uwargida ta kwantar da hankalinta. Sai dai darussan sun fi na Texas yawa nesa ba kusa ba: ban da Turanci da lissafi akwai kimiyya, labarin ƙasa, tarihin Amurka, kiwon lafiya, motsa jiki, zane, har da kiɗa. Allo fa? Ba wanda ya hana, a yi ta yi. Amma ba zai maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ana so a cika kwana 180 a shekara, awa 900 ga 'yan aji 1 zuwa 6. Sau huɗu a shekara kuma za ku aika rahoto: awa nawa aka yi, me aka koyar a kowane darasi, yaya yaro ya yi. In ba a kai kashi 80 cikin 100 na abin da aka tsara ba, sai an faɗi dalili. Nan ne na ga za ku sha wuya, don wanda bai saba rubutawa ba, ranar rahoto sai ya kama kame-kame. Mu da muka yi kwalejin horon malamai, ba abin da muka tsana kamar littafin shirin darasi, amma da muka shiga aji muka gane amfaninsa. Ka saya wa uwargida babban littafi tun yau, kullum ta rubuta kwanan wata da awa da darasi, ko da layi biyu ne.

A ƙarshen shekara akwai auna ƙwazo. Ɗan aji 2 rahoton rubutu ya wadatar masa. Daga aji 4 zuwa 8 kuwa sai an zauna jarrabawar da hukuma ta amince da ita, aƙalla shekara ɗaya cikin kowace biyu. In yarinyar ba ta wuce kashi 33 cikin 100 na tsararrakinta ba, kuma ba ta nuna ci gaban shekara guda ba, za a sa muku ido har tsawon shekara biyu, tare da neman tsarin gyara.

Texas ba ta bukatar ka yi mata sallama tun da yaran ba su cikin rajistar wata makaranta. Amma kada ku zubar da tsofaffin littattafan aikinsu wajen haɗa kaya, su ne shaidar ajin da suka kai. Duk takardar da ka aika kuma, ta gidan waya ko ta imel, ka ajiye kwafi da shaidar ranar da ta tafi. A gaida uwargida da yara, Allah ya kai ku lafiya.